Kafiretar Nasara da ruwan shuka

Shekarun baya, can baya da nisa, tun ba a haifi iyayen yawancinku ba, na taɓa riƙe abincin garinmu na shekara guda a tafin hannuna, kuma saura ƙiris in zubar da shi saboda son a yaba mini. Mutanen gidana sun gaji da labarin nan, da na buɗe baki sai su ce an dawo kan motar Nasara. Shi ya sa na kawo muku, ku da ba ku gaji ba tukuna.

Garinmu ƙauye ne a Damargu, babu nisa da Ollelewa, a bakin hanyar da ke gangarawa Damagaram. A lokacin bai fi shekara goma da ƙarewar yaƙin Turawa na farko ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na dawo ke nan daga Damagaram inda na koyi ƙirar fari a wurin kawuna: mundaye, zobba, kwalliyar linzami. Na dawo kaina a kumbure. Na kafa 'yar rumfa a ƙofar gida, kuma duk macen da ta kawo mini warwaronta da ya karye sai ta sha huɗuba kafin ta tafi, cewa likina ba ya ɓallewa, kuma kaya ba sa fita daga hannuna sai suna ƙyalli.

Yayana shi ke noma gonar gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mara yawan magana, kuma bai taɓa ɗaukar sana'ata aiki ba. A wurinsa maƙeri shi ne na baƙin ƙarfe, mai yin sungumi da hauya, wanda kowane manomi ke kai wa damin gero idan kaka ta yi. Ni kuwa ba a taɓa ajiye mini ko zangarniya ɗaya a ƙofa ba. Ina nuna kamar bai dame ni ba, amma yana ci mini rai.

Shekarar da ta gabata ba a samu abin kirki ba, rumbuna sun kusa kai ƙasa, ga damina ta makara. Sai ran nan ruwa ya sauka, ruwan shuka na gaske. Wanda ya san yashin Damargu ya san laimarsa kwana uku ce. Ka shuka a cikinsu ka shiga sahun masu ci, ka rasa su kuma sai abin da Allah ya yi. Da gari ya waye babu namijin da ya tsaya karin kumallo, kowa ya saɓa sungumi ya yi gona, mata na biye da ƙoren iri. Ni dai ina rumfata.

Rana ba ta yi nisa ba sai muka ji gurnani daga arewa. Mota ce babba mai ɗaukar kaya, tana tari tana fitar da baƙin hayaƙi. Tun a lokacin tsohuwa ce, ragowar yaƙi, irin wadda yanzu aka ce Turawa na ajiyewa don kallo kawai. Ta lallaɓo har tsakiyar gari, ta yi atishawa biyu, ta mutu. Wani Nasara mai awon hanya ya sauko tare da gardinsa biyu, dogarai masu jar hula da bulala. Da direban ya diro ya kwance rawani sai na ga abokina ne, Buzun da muka tashi tare, wanda aka ɗauka soja muka daina jin ɗuriyarsa. Kun san tsakanin Buzu da maƙeri, ba a gaisawa sai da tsiya.

"Maƙeri, har yanzu kana nan kana cutar matan mutane?"

"Buzu, raƙumin ƙarfe aka ba ka kuma ka kasa kiwonsa?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya yi wa Nasaran magana da yarensu. Na ga fuskar Nasaran ta yi ja. Kafin in gane abin da ake ciki an kira mai gari, gardi kuma sun bazu cikin gonaki. Duk namijin da ke da ƙarfi aka koro shi, sungumi a hannu, aka zaunar da su ƙarƙashin aduwar dandali, su talatin da wani abu. Yayana na cikinsu. Aka sauke igiyoyi daga bayan motar aka zube a gabansu.

Abokina ya zo rumfata ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce Nasara ba zai bar motar a daji ba, mutanen garinmu ne za su ja ta har Damagaram. A cikin yashin nan, zuwa da dawowa, ba ƙasa da kwana goma ba.

Na ce, "To shukar fa?"

"Ba ruwansa da shuka. Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Na ce masa akwai maƙeri a garin nan da babu irinsa har Agadas."

"Kai ka ce masa haka?"

"An ce kai ke faɗa kullum. Ni maimaitawa na yi."

Maƙerin baƙin ƙarfe na garinmu, dattijo ne, ya zo ya leƙa abin da ya lalace, ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, ɓawon albasa ne, ya juya abinsa. Aka turo motar har ƙofar gidanmu. Ni kuwa, don Allah ku ji wauta, a daidai lokacin nan har daɗi na ji. Ga gari gaba ɗaya yana kallona.

Abokina ya kwance abin ya ɗora mini a kan buzun da nake zama. Shi ne abin da ake kira kafireta yanzu, mai auna wa inji fetur. Na tagulla ne, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. A jikinsa akwai 'yar tukunya mai murfi, a cikinta kuma wani ɗan gora na tagulla mara nauyi, rufaffe ta ko'ina. Ya yi mini bayani: fetur na shigowa tukunyar, goran na tasowa a kansa, idan ya kai inda ya kamata sai ya tura wata allura ta toshe hanyar. Tsufa ya ci su duka biyun. Allurar ta yi zobe a baki saboda goga, ta daina toshewa sosai. Goran kuma gefensa ya side har ya tsage, fetur ya shige cikinsa. Ya girgiza mini shi a kunne na ji yana kwacal-kwacal. Goran da ya cika ba ya tasowa, shi ya sa fetur ke ambaliya yana shaƙe injin.

Ya ce, "Kada ka kai shi wuta da isansi a ciki, zai fashe maka a ido." Isansi shi ne fetur a bakinsu.

Mahaifiyata ta dawo daga gona tunda an kama yayana, tana zaune a zaure da ƙwaryar iri a cinya. Ita ta dafa mana ruwa. Muka tsoma goran a ruwan zafi, sai ga ƙananan kumfa na fita ta tsagar, har fetur ɗin ya fice sarai. Allurar kuwa na shafa mata toka mai laushi da ɗan man shanu, na sa ta a raminta, na yi ta murzawa tsakanin tafukana har zoben ya baje. Wannan na yi shi daidai, bari in faɗa tun kafin ku ji sauran.

Ana haka gardi ya zo ya ce Nasara na kiran direba. Abokina ya tafi ya bar ni ni kaɗai da aikin, nan fa halina ya fito. Na dubi tsagar, ba ta fi tsawon ƙwayar sha'ir ba. Na ce a raina, in na like nan kaɗai, gobe wani wurin ya tsage, a ce aikin wane ne? Na narka dalma na zagaye goran gaba ɗaya da ita, kauri guda, na ƙara a gindi don ƙarfi. Na goge shi ya yi sumul. Sannan na dubi cikin 'yar tukunyar na ga ta yi baƙi, duk dauɗar shekaru. Na ce wannan ba za ta fita daga rumfata haka ba. Na jiƙa tsamiya, na haɗa da toka, na dirje ta ciki da waje har tana ɗaukar ido. Daga ƙarshe na ɗebo ruwa a ƙwarya na jefa goran. Ya yi ta yawo a sama abinsa. Na ji kamar in yi wa kaina kirari.

Abokina ya dawo a gaggauce ana kiran azahar, Nasara na biye da shi, bai tsaya duba komai ba. Ya ɗaura kafiretar, ya buɗe fetur, ya kama ƙarfen da ake murɗawa a gaban motar ya juya. Ta yi tari. Ya sake. Ta kama, ta yi gurnani na kamar numfashi goma, har mutanen ƙarƙashin aduwa suka miƙe. Sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Na sunkuya na ga fetur na tsiyaya daga murfin tukunyar fiye da yadda ta zo. Abokina ya fizgi tasar mahaifiyata da ke kusa ya tara, ya rufe hanyar man.

Nasaran bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ciro agogo daga aljihu ya duba, ya faɗi kalma biyu ya tafi. Abokina ya ce ya hana a ƙara taɓa fetur ɗin da ke cikin motar, don da ƙyar zai kai su. Gardi suka soma warware igiyoyi suna ɗaurawa a gaban motar. Na waiwaya wajen aduwa. Yayana ya ɗebi ƙasa a hannunsa ya dunƙule, ya buɗe, ya ga saman ya soma warwatsewa. Bai dube ni ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, bakina ya bushe ƙaf.

Muka koma rumfa da kafiretar. Abokina ya ce kada in damu, akwai alama. A cikin tukunyar akwai wani baƙin zane da fetur ya yi tsawon shekaru, kamar wanda ruwa ke bari a cikin randa, shi ke nuna inda mai ya kamata ya tsaya. Da shi za mu auna. Ya buɗe murfin. Tukunyar ta haske masa ido.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a hankali, "Maƙeri, ina zanen?"

"Na wanke."

"Ka wanke."

"Dauɗa ce na gani."

Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Da ya zage ni da na ji sanyi. Na ce masa amma goran lafiya lau yake, na gwada shi, yana tasowa. Na jawo ƙwaryar ruwan na jefa shi don ya gani da idonsa.

Sai na ji muryar mahaifiyata daga bakin zaure. Ita sana'arta ke nan tun tasowarmu, tana sayen man shanu a wurin Fulani ta soya ta zuba a kwalabe da tandu.

"Wai ita motar ruwa take sha?"

Na ce, "A'a Inna, mai take sha."

"To me ya kai ka gwaji a ruwa? Ludayina da ke yawo a kan ruwa, in na sake shi a tukunyar mai sai ya nutse har wuya. Mai ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya kamar ruwa. Jefa shi a wancan da ke cikin tasata ka gani."

Muka kashe wutar maƙera da ƙasa tukuna. Na tsoma goran a fetur ɗin da ke cikin tasar. Ya yi ƙasa, bayansa kaɗai ke leƙowa. Dalmar da na lafta masa don kada a ce aikina ya ɓalle, ita ta kashe shi.

Mahaifiyata ta ajiye ƙwaryar irin ta ce in miƙo mata tukunyar. Ta fita rana, ta karkata ta, tana leƙawa da ido ɗaya.

"Tun kana yaro ba ka taɓa wanke ƙwarya ka kai lungu ba. Ban ga dalilin da zai sa ka fara yau ba."

Ta sa farce ta nuna. Can bayan inda bututun man ke shigowa, wurin da yatsana bai kai ba, ga ɗan guntun baƙin zane, bai fi tsawon ƙwayar gero uku ba. Abokina ya karɓa ya duba, ya ce, "Inna, Allah ya ja da ranki." Ta ce ya bar addu'a sai an gama, inuwa ta soma juyawa.

Daga nan aikin ya koma kankara. Na ɗauki magagari da 'yar wuƙata na shiga cire dalmar da na sha wahalar sawa. In na rage sai mu zuba fetur ɗin tasa a tukunyar daidai guntun zanen, mu sa goran da allurar, abokina ya kafa baki a bututun ya hura. In iska ta wuce, allura ba ta toshe ba, goran bai taso sosai ba ke nan. Ya hura, ta wuce. Na kankare. Ya hura, ta wuce. Ga fetur ɗin tasa na guduwa da kansa saboda zafi, ko da mun rufe shi da faifai, duk buɗewa sai mu ga ya ragu. Ga tagullar goran ta side, duk jan wuƙa ɗaya ina jin wannan ne zai huda shi, kuma in ya huje babu lokacin sake hura wuta.  Zufa na shiga mini ido ba na iya sharewa.

Ban san sau nawa muka gwada ba. Na dai san na cire zoben dalmar kaf, na cire ta gindi, saura siririn layi a kan tsagar kamar zaren gizo. Goran ya yi kaca-kaca da zanen wuƙa, ban taɓa fitar da aiki mai muni irinsa ba. A dandali na ji gardi na cewa a tashi a kama igiya. Liman ya fito yana duban inuwa, kuma na lura ranar ya daɗe yana alwala fiye da kullum.

Fetur ɗin da ya rage da ƙyar ya kai zanen. Abokina ya hura. Kumatunsa suka kumbura, idanunsa suka firfito, iska ba ta wuce ba. Ya sake hurawa. Ya ɗago, ya kwashi abin ya yi waje da gudu.

Mutanenmu na tsaye a layi biyu, igiya a kafaɗa, lokacin da yake ɗaure kusoshin. Yayana ne na uku daga gaba. Nasara ya ɗaga hannu a dakata. Abokina ya yi bisimilla ya murɗa ƙarfen. Shiru. Ya murɗa na biyu, ta yi tari. A na uku ta kama. Na tsuguna ina kallon murfin tukunyar, ina jiran ɗigon farko. Na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi, murfin na nan a bushe, hayaƙin ya washe, gurnanin ya daidaita.

Na zaci za a yi sowa a ɗaga ni sama. Ko mutum ɗaya bai dube ni ba. Igiyoyi suka zube ƙasa, kowa ya ruga gindin aduwa ya ɗauki sunguminsa, mata suka fito daga gidaje da ƙoren iri, kafin Nasara ya gama hawa mota dandalin ya zama wayam. A gona aka yi la'asar ranar. Abokina ya leƙo ta gefen motar ya ce, "Maƙeri, aikinka ya yi muni. Allah ya yi maka albarka." Suka tafi.

Hankalina bai kwanta ba. Kwana da kwanaki ina bin yayana a gona ina zuba iri, kunnena na kan hanyar kudu, ina jiran in ga jar hula ta dawo neman masu jan igiya saboda siririn likin nan ya buɗe. Ko abinci ba na iya ci sosai. Sai da wani mai raƙuma ya zo daga Damagaram ya ce ya ga motar a can tana yawo, sannan na yi barcin kirki.

Geron ya yi kyau a shekarar, ba na mamaki ba, amma an ci. Da kaka ta yi, wata safiya na fito na tarar da yayana a ƙofar rumfata, yana sauke dami daga kansa. Na ce na wane ne? Ya ce, "Na maƙeri." Ya juya abinsa. Kafin azahar dammuna sun tare mini hanyar shiga, kowane mutumin da aka zaunar ƙarƙashin aduwa ya kawo nasa. Abin da na daɗe ina so ke nan, amma da ya zo sai kunya ta rufe ni, don na san abin da na yi da rabin ranar nan. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na kai rumbun mahaifiyata. Ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta ce, "Da ka iya wanke-wanke, da bana mun ci ganye."

Na yi shekaru masu yawa ina ƙira bayan wannan, har motoci suka yawaita ana kawo mini irin wannan gyaran daga Tanut da Belbeji. Ban sake lafta dalma don a yaba mini ba. Kuma duk tsohon abin da aka ajiye a gabana, ba na taɓa dauɗarsa sai na gama dubanta, don sau da yawa ita kaɗai ta san yadda abin yake tun yana lafiya. Mutane na cewa ina da haƙuri a aiki. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne, kuma bai sake ni ba har yau. In ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, aka yi rashin sa'a wata mota ta wuce da warin fetur, sai in ji bakina ya bushe. Ina ganin yayana, Allah ya jiƙansa, yana buɗe hannunsa ƙarƙashin aduwa, ƙasar na warwatsewa tsakanin yatsunsa.